ZAƁEN IYAFIS MARAR IGIYA MAI KASHE HAYANIYA DON SAURARON YAU DA KULLUM

1.0 GABATARWA

A shekarar 2016 kamfanin Apple ya fito da wayar iPhone 7 ba tare da kafar nan da ake soka igiyar sauraro ba, sa'an nan a watan Disamba na wannan shekara ya bi bayanta da AirPods. Tun daga lokacin ƙananan na'urorin da ake cusawa a kunne suka zama ruwan dare, har ya kasance da wuya a shiga mota ko ɗakin karatu a rasa mai sanye da su. Masu daraja daga cikinsu, watau waɗanda ke iya kashe hayaniya, kuɗinsu ba kaɗan ba ne, domin manyan samfuran Apple da Sony da Bose sun shiga kasuwa ne a kan dalar Amurka 250 zuwa 300. Duk da wannan tsada, akasarin masu saye sukan dogara ga sunan kamfani ko kyan kwali kawai.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda na'urar take aiki, da abin da take iyawa, da abin da ya fi ƙarfinta, da kuma ma'aunan da ya kamata mai saye ya riƙe. Abin da bayanin zai tsayu a kansa shi ne, babbar fa'idar kashe hayaniya ita ce bai wa mai sauraro damar rage ƙarar abin da yake ji, ya tsirar da kunnensa. Duk wani ma'auni na zaɓe daga nan ya samo tushe.

2.0 MA'ANA DA TAƘAITACCEN TARIHI

Iyafis shi ne sunan da ya fi bin bakin jama'a ga ɗan lasifikan da ake sawa cikin kunne. Wasu kuma sukan kira marar igiyar da sunan bulutu, saboda hanyar sadarwa ta Bluetooth da yake amfani da ita. Ba a ce masa ɗan kunne ba, domin kayan adon mata sun riga sun mallaki wannan suna. Irin wanda ake magana a kai yana da siffofi uku: babu igiya tsakaninsa da waya ko tsakanin na dama da na hagu, yana da ɗan akwatin da ke adana shi yana kuma yi masa caji, kana yana da dabarar rage hayaniyar da ke kewaye da mai shi.

Dabarar kashe sauti da sauti ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Wani Bajamushe mai suna Paul Lueg ya sami rajistar mallakar wannan tunani a Amurka a shekarar 1936, sai dai kayan lantarkin zamaninsa ba su da saurin da za su aiwatar da shi. A 1978 Amar Bose, malami a babbar cibiyar fasaha ta Masacusets, ya kasa jin daɗin kiɗa a cikin jirgin sama saboda rugugin inji, sai ya shiga lissafin yadda za a magance matsalar. A 1986 matuƙa biyu na jirgin Voyager, wanda ya kewaye duniya cikin kwana 9 ba sauka ba shan mai, suka sanya samfurin gwaji na kamfaninsa. Aka fara sayar wa matuƙan jiragen sama a 1989, sauran jama'a kuma a 2000.

Ita kuwa Bluetooth, kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya soma aikinta a 1994, aka kafa ƙungiyar da ke kula da ita a 1998, aka kuma raɗa mata laƙabin wani sarkin Denmak na ƙarni na 10 mai suna Harald. Haɗuwar dabarun nan biyu a cikin abin da bai fi ƙwallon dabino girma ba ita ce sabon abu. Sony ya fito da WF-1000X a 2017, Apple ya kawo AirPods Pro a 2019, Bose kuma ya biyo da QuietComfort Earbuds a 2020.

3.0 YADDA AKE KASHE HAYANIYA

Sauti kaɗawar iska ce. Idan abu ya girgiza, yakan matse iskar da ke kusa da shi ya sake ta, ya matse ya sake, wannan matsi da saki su yi ta tafiya har su bugi dodon kunne. Yawan kaɗawar a cikin daƙiƙa guda shi ke sa sauti ya zama mai kauri ko siriri. Lafiyayyen kunnen matashi yana jin abin da ke tsakanin kaɗawa 20 da 20,000 a daƙiƙa. Ta hanyoyi biyu iyafis ke tare sautin da ba a so.

3.1 Toshewa

Hanya ta farko ba ta bukatar batir. Robar da ke bakin iyafis ita ke cike ramin kunne, kamar yadda mutum kan toshe kunnensa da yatsa. Toshewa ta fi tasiri a kan siraran sautuka, irin su ƙarar cokali a kan faranti ko tsuwar tsuntsaye. Kakkauran rugugi kuwa ratsa roba yake yi kamar babu ita.

3.2 Sokewa

Hanya ta biyu ita ce ake biyan kuɗi dominta. Ana iya kwatanta sauti da gonar da aka yi wa huɗa, kunya na bin kwari, kwari na bin kunya. In aka kwashe ƙasar kowace kunya aka zuba a kwarin da ke gefenta, gona za ta koma shimfiɗaɗɗen fili. Haka na'urar take yi. Wani ɗan makirufo a bayanta yana ɗaukar hayaniyar waje, ƙwaƙwalwar lantarkin da ke ciki ta ƙera kishiyar wannan hayaniya, inda duk aka matse iska ita ta sake, inda aka sake ta matse, sa'an nan lasifika ya tura kishiyar cikin kunne. Idan biyun suka haɗu daidai wa daida, sai su soke juna. Masu daraja suna da makirufo na biyu a ciki, yana sauraron abin da ya rage kusa da dodon kunne don a gyara kuskure.

3.3 Iyakar Sokewa

Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Daga bayan iyafis zuwa dodon kunne kuwa 'yan santimita ne, saboda haka lokacin da na'urar take da shi na ji da lissafi da mayar da martani bai wuce kashi ɗaya cikin 10,000 na daƙiƙa ba. Sautin da ke kaɗawa sau 100 a daƙiƙa, tsawon kunya da kwarinsa ya haura mita 3, don haka ɗan kuskuren lokaci ba ya ɓata aikin. Wanda ke kaɗawa sau 5,000 kuwa, nasa bai wuce santimita 7 ba, ƙaramin jinkiri ma yana iya sa kunya ta hau kan kunya, ƙara ta daɗu maimakon ta ragu. Wannan ne dalilin da ya sa sokewa ta fi ƙarfi a kan sautukan da ke ƙasa da kaɗawa 1,000.

A aikace, rugugi mai ɗorewa shi ne abincin wannan na'ura: injin jirgin sama, da na motar haya a doguwar tafiya, da fanka, da na'urar sanyaya ɗaki, da janareta. Ƙaramin janaretan fetur, alal misali, yana juyawa sau 3,000 a minti, watau sau 50 a daƙiƙa, kuma amonsa ɗaya ne daga safe har dare. Amma odar babur, da kukan jariri, da hirar maƙwabta, da buga ƙofa, ragewa kawai ake yi, yawancin ragin ma aikin roba ne. Wanda ya saya da zaton zai sami shiru irin na tsakar dare a ƙauye, lalle zai ce an cuce shi, alhali kuwa na'urar ta yi iyakar abin da aka ƙera ta dominsa.

4.0 ABIN DA KUNNE KE ASARA

A can cikin kunne akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, wadda ke ɗauke da ƙwayoyi masu gashi-gashi kimanin 16,000. Su ne ke mayar da kaɗawar iska saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai tsanani tana kashe su sannu a hankali, kuma a jikin ɗan Adam wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Ba a jin zafi, ba a ganin jini, shi ya sa mutum ba ya farga sai ɓarna ta yi nisa.

Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraro. A 2019 ita da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya suka fitar da mizani, cewa baligi na iya sauraron desibel 80 har tsawon awa 40 a mako, yaro kuma desibel 75. Abin lura shi ne, duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin nan biyu. Ke nan a 83 awa 20 ce, a 86 awa 10, a 92 awa biyu da rabi, a 95 kuwa minti 75 kacal a mako guda. Iyafis da yawa suna iya haura desibel 100 in aka ƙure su.

Ba kasafai mutum ke ƙure ƙara a ɗaki mai shiru ba. Hayaniya ce ke tilasta masa, domin sai abin da yake sauraro ya rinjayi rugugin da ke kewaye da shi kafin ya ji. A nan ne kashe hayaniya ke biyan kuɗinsa: in aka sauke rugugin, sai mai sauraro ya wadatu da ƙara kaɗan. Hukumar ta Lafiya da kanta tana ba da shawarar amfani da irin waɗannan na'urori in sun zauna daidai a kunne, tare da tsayawa a ƙasa da kashi 60 cikin 100 na iyakar ƙarar waya.

Masu nazarin tsarin sauti za su fi kowa gane girman asarar. Raunin da ƙara ke jawowa yakan fara ne a wajejen kaɗawa 4,000. Karin sautin Hausa yana tafe ne a kan kaɗawar tantanin maƙwallato, wadda ke can ƙasa, wajen 100 zuwa 250 a maganar yau da kullum, ƙarfin wasula ma a ƙasa yake. Zuzau irin su /s/ da /sh/ kuwa a sama suke, daidai inda ɓarna ke somawa. Saboda haka mai wannan rauni yana jin murya sarai, yana jin hawa da saukarta, amma sara da shara da fara sai su riƙa rikice masa, musamman a cikin taro. Shi ne za a ji yana cewa mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Ɗalibin da aikinsa ya haɗa da juyar da hira ko waƙar baka daga rikoda zuwa takarda, jarinsa ne ke zurarewa.

5.0 MA'AUNAN ZAƁE

5.1 Zama a Kunne

Wannan shi ne ma'auni na farko, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ramin kunne ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kai har na dama da na hagu sukan saɓa. In roba ba ta cike ramin ba, hayaniya za ta kutsa ta gefe, kaurin kiɗa ya zube, sokewa ta raunana, mai shi kuma ya koma ƙara murya. Don haka ne kamfanoni ke haɗo robobi masu girma daban-daban, uku ko huɗu ko fiye. Wasu na roba mai santsi ne, wasu na soso mai kumbura, wanda ya fi toshewa amma ya fi saurin lalacewa. Manhajojin Apple da Sony da Samsung suna da gwajin da ke nuna ko an toshe daidai. Ya kamata a sa na'urar a yi magana, a yi tauna, a sunkuya, a kuma bar ta a kunne rabin awa. Wasu mutane sukan ji kamar an danne musu kunne in sokewa na aiki, irin waɗannan sai su nemi wadda ake iya rage ƙarfin sokewarta. Mai arahar da ya zauna daram ya fi mai tsadar da ke zamewa.

5.2 Irin Hayaniyar Mai Saye

Mai yawan tafiya a mota ko jirgi, da mai karatu kusa da janareta, su ne za su fi morar sokewa mai ƙarfi. Wanda damuwarsa surutun abokan ɗaki ne, roba mai toshewa sosai ta fi yi masa amfani. Mai yawo a ƙasa a gefen titi kuwa, tsarin buɗe kunne ya kamata ya fi dubawa, watau wanda makirufo ke shigo da sautin waje ta yadda za a ji oda da sallama. Kashe hayaniya a kan titin da babura da a-daidaita-sahu ke kai da kawowa ganganci ne. Har wa yau, iyafis ba ya maye gurbin abin kare kunne na ma'aikatan masana'antu, don haka mai aiki a gidan niƙa ko wurin yankan katako kada ya dogara da shi.

5.3 Jituwa da Waya

Bluetooth ba ta iya ɗaukar sauti yadda yake, sai an matse shi a waya a warware shi a iyafis. Tsarin matsewar shi ake kira kodek, kuma dole ɓangarorin biyu su san iri ɗaya. Kowace na'ura tana jin SBC. Wayoyin iPhone suna amfani da AAC, ba sa jin aptX na kamfanin Qualcomm, ba sa kuma jin LDAC na Sony. LDAC yana iya kai kilobit 990 a daƙiƙa, an kuma sa shi cikin Android tun 2017. Samsung yana da kodek nasa wanda sai a wayoyin Galaxy yake aiki. AirPods kuwa suna haɗuwa da wayar Android, amma gyare-gyarensu da dama ba sa samuwa a can. Ashe mai iPhone da ya ƙara kuɗi saboda LDAC ya sayi abin da ba zai taɓa amfani da shi ba. Daɗin daɗawa, babu kodek da ke dawo da abin da aka riga aka zubar: saƙon murya na WhatsApp da waƙar da aka matse ta sau uku ba za su gyaru ba ko da a iyafis mafi tsada.

5.4 Batir

AirPods Pro na biyu, na shekarar 2022, yana kai awa 6 da caji guda in sokewa na aiki, awa 30 in aka haɗa da na akwati. WF-1000XM5 na Sony, na 2023, awa 8 ne, 24 da akwati. Waɗannan alƙaluma na sabon batir ne. Batirin litiyam yana raguwa da kowane caji, bayan 'yan shekaru sai a ga na awa 6 ya dawo awa 3 ko ƙasa da haka. A yawancin samfura manne shi aka yi, ba ya cirowa sai an fasa na'urar. Kamfanin Fairphone na ƙasar Holan ya fito da Fairbuds a 2024 masu batirin da mai su ke iya sauyawa, amma irinsu ba su da yawa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, saboda haka daidai ne a raba kuɗin iyafis da shekarun da ake sa ran zai yi kafin a yanke shawara.

Zafi kuma yana gaggauta mutuwar batir. Apple ya ce a yi amfani da kayansa tsakanin digiri 0 da 35, alhali a Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin bazara yakan haura digiri 40 a inuwa. Barin akwatin a gaban mota da rana tsaka yana cin rayuwarsa. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, yana da kyau a duba saurin caji, a kuma zaɓi mai kafar USB-C don caja ɗaya ta wadatar da waya da iyafis.

5.5 Ƙura da Gumi

A jikin kwali akan ga haruffan IP da lambobi biyu. Ta farko tana nuna juriyar ƙura, daga 0 zuwa 6, ta biyu juriyar ruwa. Harafin X yana nufin ba a ba da mizanin wannan ɓangare ba. IPX4, kamar na WF-1000XM5, yana jure gumi da yayyafi kurum. IP54 ya haɗa da ƙura. IP57, kamar na Galaxy Buds3 Pro na 2024, yana jure faɗawa ruwa marar zurfi na ɗan lokaci. Ga mazaunin ƙasar da hunturu ke turnuƙe ta da ƙura wata uku ko fiye, lambar farko ba ado ba ce, domin ƙura da dattin kunne su ke toshe ragar makirufo, sokewa ta lalace. Sharewa da busasshen ƙyalle a kai a kai tana tsawaita kwanansa, aron iyafis kuma hanya ce ta yaɗa ciwon kunne.

5.6 Kiran Waya

Daɗin kiɗa ba ya tabbatar da kyan kira. Kashe hayaniya mai sanye da na'urar yake yi wa aiki, tace muryarsa don na ɗaya ɓangaren ya ji kuwa wani aiki ne dabam. Gwaji mafi sauƙi shi ne a ɗauki saƙon murya a wuri mai iska ko hayaniya, sa'an nan a saurara. Mai aiki da waya da kwamfuta tare ya duba ko na'urar tana haɗuwa da abu biyu a lokaci guda.

5.7 Jabu

Duk abin da ya yi suna sai an kwaikwaye shi. Akwai jabun da ke kama da na ainihi har kwali da lambar jiki, wasu ma suna yin ɗan amon da ke nuna an kunna sokewa alhali babu abin da ya sauya. Ba a cinikin biri a sama. A tsaya kusa da fanka ko janareta, a sa iyafis ba tare da kiɗa ba, a kunna sokewa a kashe. In na gaske ne, rugugin zai faɗi nan take kamar an rufe ƙofa. A tabbata manhajar kamfanin ta gane shi, a karɓi rasit da takardar garanti. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na kamfani abin tuhuma ne, tun da araha ba ta ado. Wanda kuɗinsa bai kai ba, gara ya sayi na ainihi daga matsakaitan kamfanoni, irin su Oraimo ko Soundcore, da ya sayi jabun babban suna.

6.0 KAMMALAWA

An ga cewa iyafis mai kashe hayaniya yana aiki ne da toshewa da sokewa, kuma ƙarfin sokewa a kan kakkauran rugugi mai ɗorewa yake. An kuma ga cewa ƙwayoyin ji ba sa dawowa in sun mutu, kuma desibel 3 kacal ke raba lokacin sauraro biyu. Bisa wannan, jerin tambayoyin mai saye ya kamata ya fara da zaman na'urar a kunnensa, sai irin hayaniyar da yake fama da ita, sai wayar da ke hannunsa, sai batir da juriyar ƙura, kafin a zo kan sunan kamfani.

Bayan an saya ma akwai gwaji na ƙarshe. Mai iyafis ya lura da inda ma'aunin ƙarar wayarsa yake tsayawa a cikin mota kafin ya saya, ya sake dubawa bayan mako guda. In ya sauka, kuɗi sun yi amfani. In yana nan inda yake, ko kuma kunne yana ƙugi bayan an cire na'urar, to, sai a sauya roba, a rage ƙara, in ƙugin ya ƙi tafiya kuma a nemi likitan kunne tun da wuri.